Furosesa Bai San Gobe Ba

A watan Afrilun 2022, Intel da AMD, kamfanonin Amurka biyu da suka raba kasuwar furosesan kwamfutar tebur a tsakaninsu, kowanne ya fito da gwarzonsa don masu buga gem. Na Intel shi ne Core i9-12900KS, mai cibiyoyin lissafi 16, bugunsa yana kaiwa gigahaz 5.5, kuɗinsa dala 739. Na AMD kuwa Ryzen 7 5800X3D: cibiyoyi 8, bugunsa bai wuce gigahaz 4.5 ba, kuɗinsa dala 449, kuma a kan tsohon soket ɗin AM4 yake zama, wanda Ryzen na farko ya zauna a kai tun 2017. A kan takarda babu abin gwadawa. Ko yayansa 5800X, da ya fito a ƙarshen 2020, ya fi shi saurin bugu. Amma da masu gwaji suka ɗora su a kan gem, sai ga ƙaramin yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da babban, a wasu wasannin ma ya ba shi rata mai yawa.

Sana'ata haɗa kwamfuta da gyaranta, kuma na taɓa karatun zaure gwargwadon abin da Allah ya nufa. Wanda ya ci da wanda aka kayar bai dame ni sosai ba, don a wannan kasuwa yau gare ka, gobe ga ɗan'uwanka. Hanyar da ƙaramin ya bi ya ci ita ce ta tsaya mini a rai, domin idan aka bi diddiginta tana kai mutum ga wata tambaya da malaman tauhidi suka daɗe suna juyawa: da wace hujja muke sa ran abin da ya faru jiya zai sake faruwa gobe?

Kafin a isa can, sai an gane cewa furosesan zamani jira ya fi ba shi wahala a kan lissafi. Mai gigahaz 5 yana bugawa sau biliyan biyar a sakan ɗaya. A cikin bugu guda, haske kansa santimita 6 kawai yake iya tafiya. Idan furosesa ya nemi wani bayani daga RAM, wadda ke can gefe a kan madabod, amsar takan ɗauki nanosakan 60 zuwa 80 kafin ta dawo, wato bugu ɗari uku da wani abu sun wuce. Saboda haka ake gina masa ƙananan ma'ajiyu a jikinsa, hawa-hawa: ta farko 'yar mitsitsiya ce, tana amsawa cikin kamar nanosakan ɗaya, ta uku ta fi girma, tana amsawa cikin kamar goma. Dabarar ba sabuwa ba ce. Maurice Wilkes na Jami'ar Kambirij ya rubuta ta a 1965, IBM kuma ya sa ta cikin wata babbar kwamfutarsa ta System/360 a ƙarshen shekarun 1960. A 1995 William Wulf da Sally McKee suka yi gargaɗi cewa saurin furosesa yana gudu ya bar saurin RAM, kuma za a kai ranar da ƙarin sauri ba zai tsinana komai ba.

Duk wanda ya taɓa sayen atamfa a Kantin Kwari ya san tsarin. Akwai turmin da ke hannun mai shago, akwai na kan kanta, akwai wanda aka jibge a ƙuryar shago, sannan akwai sito can wani layi. Idan mai saye ya nemi zanen da babu shi a shago, sai a tashi yaro ya ruga sito, kuma komai zafin naman mai shago wajen ciniki da ƙirga kuɗi, dole shi da mai sayen su zauna jiran yaro. A 2022 Intel ya ƙara wa mai shago zafin nama. AMD kuwa bene ya ɗora wa shagon, ya ninka kayan da ke ciki har sau uku.

Benen nan shi suka raɗa wa suna 3D V-Cache. Shugabar AMD, Lisa Su, ta fara nuna samfurinsa a bikin baje kolin Computex na 2021. Ɓallin silikon da ke ɗauke da cibiyoyi takwas yana da ma'ajiya ta uku mai megabayit 32. Faɗaɗa ta a kwance zai ƙara nisa, ya ƙara tsada. Sai aka kankare ɓallin ya yi siriri, aka kawo wani ɓalli daban wanda babu komai a cikinsa sai ma'ajiya mai megabayit 64, aka kifa a kansa. Haɗin ba da dalma ake yinsa ba. Ana goge fuskokin biyu su yi sumul, tagulla ta sadu da tagulla kai tsaye, wasu siraran hanyoyi da suka ratsa silikon ɗin su ɗauki saƙo sama da ƙasa. TSMC na Taiwan ne ke wannan aikin. Jimilla megabayit 96, kuma hawa benen bai ƙara jira ba sai 'yan bugu kaɗan.

Komai da kuɗinsa. Abin da aka ɗora a sama ya tare hanyar da zafi ke bi ya fita zuwa fanka, haɗin kuma ba ya jure wuta mai yawa. Shi ya sa aka rage bugun 5800X3D, aka kuma hana mai shi ƙara masa gudu da hannu. Sai a Nuwamban 2024, da 9800X3D ya fito, suka juya ginin: ma'ajiyar ta koma ƙasa, cibiyoyin suka hau sama kusa da murfi, bugu ya kai gigahaz 5.2.

Dalilin da ya sa gem ya fi kowa morar wannan yana da sauƙin gani. Idan allo yana nuna firem 60 a sakan, kowane firem yana da milisakan 16.7 a gama lissafinsa. Idan 240 ne, milisakan huɗu da 'yan kai. A kowane firem sai furosesa ya sake duba abubuwa kusan iri ɗaya: ina kowane ɗan wasa yake, me ya taɓa me, wa ke ganin wa. Bayanan a warwatse suke, amma su ɗin dai ake ta komawa a kansu. Idan sun fi ƙarfin megabayit 32 amma sun shiga 96, zirga-zirgar zuwa RAM ta ragu ƙwarai. Wasanni masu tarin ƙananan abubuwa, irin su Factorio da Microsoft Flight Simulator, su suka fi nuna bambancin.

Na sa 5800X3D a kan tsohon madabod na B450. Sai ka fara sabunta BIOS da filash tukuna, kana addu'a kada a ɗauke wuta a tsakiya. Sannan ka ɗan murɗa fankar hagu da dama kafin ka ɗaga ta, don man da ke tsakani idan ya bushe yakan fizgo tsohon furosesan daga soket, allurorinsa 1,331 su lanƙwashe. Ka ɗaga ɗan hannun soket, ka daidaita alamar kusurwa, sabon ya faɗa da kansa ba tare da dannawa ba. Abin da nake kallo bayan an kunna gem shi ne layin da manhajar awo ke zanawa a gefen allo, mai nuna tsawon lokacin da kowane firem ya ci. A tsohon furosesan layin yana tafiya yana tsalle, nan da can wani tsini ya miƙe, kuma kowane tsini shi ne ɗan sarƙewar nan da hannu ke ji kafin ido ya gani. A sabon, layin ya kwanta.

To ga inda tambayar take. Ma'ajiyar kullum cike take. Duk sabon abin da zai shiga, sai an fitar da wani. Wanne za a fitar? Amsar da injiniyoyi suka zauna a kai, da sauye-sauye iri-iri, ita ce a fitar da wanda aka fi daɗewa ba a nema ba, a riƙe wanda aka nema ɗazu, a kuma jawo maƙwabtansa tare da shi, don ana kyautata zaton su ma za a neme su. Duk ginin a kan zato biyu yake tsaye: abin da aka taɓa yanzu za a sake taɓa shi, kuma abin da ke kusa da shi yana nan tafe. Babu wata hujja ta hankali da ta wajabta ko ɗaya daga ciki. Ɗan shekarar farko a sashen kwamfuta zai iya rubuta manhajar da ke tsalle barkatai cikin gigabayit takwas na bayanai ba ta komawa inda ta baro, kuma a gabanta megabayit 96 ba su da wani tasiri. An dai lura ne cewa manhajojin da mutane ke rubutawa galibi suna maimaita kansu.

Abin mamaki shi ne an san cikakkiyar amsar tun 1966. Laszlo Belady, ɗan asalin Hangare da ke aiki a IBM, ya bayyana ƙa'idar da babu wadda ta fi ta: a fitar da abin da za a fi daɗewa nan gaba ba a nema ba. An tabbatar da ita da lissafi. Matsalarta ɗaya ce, ba ta ginuwa, don tana buƙatar sanin abin da bai faru ba tukuna. Amfanin da ake yi da ita shi ne a naɗi duk buƙatun da manhaja ta yi, bayan ta gama a koma a lissafa abin da mai sanin gobe zai yi, sannan a auna tazarar da ke tsakaninsa da injin gaske. Ban san wani fanni ba da ya ajiye wa gaibu gurbi a cikin lissafinsa a fili haka, ya ce ga matsayin wanda ya sani, ga namu, ga kuma yawan abin da rashin sani ke ci mana.

A zaure, kafin a shiga sifofin Ubangiji, akan fara da rabe-raben hukunci. Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, wanda kuma Ummul Barahina tasa ta zaga zaurukan ƙasar Hausa, ya kasa hukunci uku a littafinsa na Muƙaddimat: na shari'a, na al'ada, da na hankali. Na hankali shi ne wanda bai dogara da maimaituwa ba; wajibinsa shi ne wanda kishiyarsa ba ta ma shiga tunani, kamar a ce rabin abu ya fi dukansa. Na al'ada kuwa shi ne ka ƙulla abu biyu saboda ka sha ganinsu tare, alhali yana yiwuwa wata rana ɗaya ya zo babu ɗayan. Misalan da malaminmu ke kawowa su ne wuta da ƙuna, wuƙa da yanka, abinci da ƙoshi. Tushen zancen yana komawa ga Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111. A mas'ala ta goma sha bakwai ta Tahafutul Falasifa ya ɗauki wuta da auduga, ya nuna cewa abin da ido ya shaida shi ne auduga ta ƙone a lokacin da wuta ta taɓa ta. Cewa wutar ce da kanta ta wajabta ƙunar, wannan ƙari ne da ido bai gani ba. Allah ne mai aikatawa, kuma ya gudanar da al'adarsa a kan haka.

Ibn Rushd na Kurɗuba bai yarda ba. Ya mayar da martani da littafi guda, yana ganin duk wanda ya kore sababi ya kore ilimi, tunda sanin abu shi ne sanin abin da yake haifarwa. Wutar da ba ƙuna a ɗabi'arta, da me ta cancanci sunan wuta? Ibn Taimiyya, ta wata hanyar daban, shi ma ya tabbatar da cewa Allah ya halicci sabubba da ƙarfin da suke aiki da shi, ba tare da sun fita daga mashi'arsa ba. Har yau wannan saɓani yana nan da ransa a garuruwanmu, kowa ya san masallacin da ke kowane ɓangare. A 1739 kuma, David Hume ɗan Sikotland ya iso bakin wannan rijiya ba tare da tauhidin Gazali ba. Ya ce ba za ka iya kafa hujja da gogewa a kan cewa gobe za ta yi kama da jiya ba, don duk hujjar da ka ɗauko daga jiya ta riga ta ɗauka cewa jiya jagora ce. Abin da ke jan mu, a ganinsa, sabo ne kawai.

Ba zan ce furosesa ya raba wannan gardama ba. Mai bin Ibn Rushd zai nuna biliyoyin taransisto da ke amsa wuta iri ɗaya sau biliyan biyar a sakan, ya ce ga ɗabi'a tabbatacciya. Ba'ash'are mai ra'ayin Gazali zai ce wannan ai sunnar Allah ce da ba ta canzawa sai ya so. Dukansu za su sayi inji ɗaya, ya yi musu aiki ɗaya. Amma a hawa na sama, inda ma'ajiya ke yanke shawarar abin da za ta riƙe, babu mai jayayya a cikinsu. Nan hukuncin al'ada ne zalla, da rukunansa biyu cif: ana ƙullawa saboda maimaituwa, kuma saɓawa tana yiwuwa.

Abin da ya burge ni shi ne injiniyoyi sun gina rukunan duka biyu, ba na farko kaɗai ba. Duk lokacin da furosesa ya nemi bayani, ma'ajiya ba ta miƙa masa abin da take zato. Sai an fara duba adireshi, a tabbatar wanda ake nema ne. Idan babu shi, akwai hanyar zuwa RAM a shirye, an zana ta da kulawa daidai da wadda aka yi wa hanyar dacewa. Idan zato ya dace, an sami sauri. Idan ya kuskure, an yi asarar lokaci, amma amsar da za ta fito daidai take. Injin yana aiki da sabo ɗari bisa ɗari, bai kuwa taɓa jingina gaskiyar lissafinsa a kansa ba.

Ɗalibin fiƙihu ba zai ga baƙon abu a nan ba. Yawancin aikin mukallafi a kan rinjayen zato yake gudana. Matafiyin da alƙibla ta ɓace masa ba a ce ya jira yaƙini har lokaci ya fita ba; zai yi ƙoƙarinsa ya fuskanci inda ya fi rinjaye a ransa. Idan daga baya ta bayyana ya kuskure, a mazhabar Malikiyya sai ya sake matuƙar lokaci bai fita ba. Ƙabli da ba'adi ma haka: an san mai salla zai manta, aka tanadi gyaran tun kafin ya manta. Shari'a ta ba da izinin aiki da zato, ta kuma ajiye ƙofar dawowa a buɗe.

Idan aka duba da wannan ido, abin da AMD ya sayar a 2022 bai ƙara wa furosesa sanin gobe ko ƙwayar zarra ba. Wuri ya ƙara masa. Mai megabayit 96 jahilcinsa ɗaya da mai 32, sai dai ba a tilasta masa zaɓi sau da yawa, don haka kuskurensa bai cika fitowa fili ba. Wannan ya saɓa wa yadda muke ɗaukar wayo. Mun fi girmama mai hasashe, wanda ke cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, a kan wanda ya ce ban sani ba, bari in bar sarari. A wannan zagaye dai na biyun ne ya ci kasuwa. Kuma akwai kuskuren da babu girman ma'ajiyar da ke maganinsa: abin da ba a taɓa nema ba, karon farko dole a je RAM a ɗauko shi. Shi ya sa a ayyukan da bayanai ke wucewa sau ɗaya ba su dawowa, ko waɗanda lissafi ya fi yawa a cikinsu, 5800X3D yakan sha kashi a hannun yayansa mai rahusa.

Kamfanonin da ke ƙera waɗannan injuna kuwa, tarihinsu ya nuna sun fi injunan nasu mantuwa da rukuni na biyu. A shekarar 2000 Intel ya fito da Pentium 4, wanda aka tsara musamman don tseren bugu, har ana zancen kaiwa gigahaz 10. Zafi ya tsayar da shi a 3.8, Athlon 64 na AMD mai ƙarancin bugu ya riƙa kayar da shi a gem. A 2006 Intel ya sauya hanya da Core 2 Duo, ya karɓe kasuwa. Sai AMD ya faɗa ramin da ya ga abokin hamayyarsa a ciki: tsarin Bulldozer na 2011, da FX-9590 na 2013 mai gigahaz 5 da wat 220, wanda duk da haka bai kamo Intel ba. A 2015 hannun jarin AMD ya faɗi ƙasa da dala biyu. Intel kuwa, da ya ga babu mai bin sa, ya shafe wajen shekara goma yana sayar wa talakan mai saye cibiyoyi huɗu. Ryzen ya zo da takwas a Maris ɗin 2017. Kafin shekarar ta ƙare Intel ya fito da mai shida. Abin da ya fi ban haushi, tun 2015 Intel ya fitar da Core i7-5775C mai wata ƙarin ma'ajiya ta megabayit 128 a gefe, masu gwaji suka ga yana abin mamaki a gem duk da ƙarancin bugunsa, amma kamfanin bai ci gaba da wannan hanya a kwamfutar tebur ba.

Da X3D ya bayyana, amsar Intel ita ce wadda ya saba: gigahaz 6 a 2023, sannan 6.2 a 2024. A Yulin 2024 ya amsa cewa wasu furosesoshinsa na zubi na 13 da na 14 suna neman wutar da ta wuce kima, har suna lalacewa a hankali, daga baya ya ƙara wa garantinsu shekara biyu. Sauri ya haifi nawa. Core Ultra 9 285K da ya biyo baya a Oktoba ya rage cin wuta, amma a gem da yawa bai kai wanda ya gada ba, kuma a Disamba shugaban kamfanin, Pat Gelsinger, ya bar kujerarsa. Ba na cewa injiniyoyin Intel wawaye ne. Jinkirin da masana'antunsu suka samu shekara da shekaru ya ɗaure musu hannu. AMD ma ba waliyyi ba ne: a Afrilun 2023 an ga wasu 7800X3D sun ƙone a cikin soket saboda yawan wuta, sai da aka fitar da sabon BIOS da ya ƙayyade ta. Kuma da ya ga fili ya zama nasa, farashi ya tashi daga dala 449 zuwa 479 a kan 9800X3D. Amma idan Bahaushe ya ce sabo turken wawa, ina ganin irin wannan yake nufi: sabon da aka ɗaukaka daga matsayin al'ada zuwa matsayin wajibi, har aka daina tanadin ranar da zai saɓa. Yau manyan ɓallayen da ke cikin 9800X3D da na 285K duka TSMC ne ke ƙera su, don haka masu hamayyar biyu da mu masu saye duk mun jingina a kan zato guda, cewa tsibirin Taiwan zai wayi gari gobe kamar yadda ya wayi yau.

Mai saye ma yana da nasa turken. Wani matashi ya shigo shagona da waya a hannu, ya nuna mini jadawalin wani mai gwaji.

"Oga, wannan na saman nake so, ko nawa ne."

Na ce, "Samari, wane gem kake bugawa, kuma a kan wane allo?"

Ƙwallo yake bugawa, a kan talabijin mai firem 60, da matsakaicin katin hoto. Jadawalin da ya ruɗe shi kuwa an yi shi ne da kati irin RTX 4090, aka kuma rage ƙudurin hoto zuwa 1080p da gangan don katin ya daina zama cikas, bambancin furosesoshin ya fito. Gwajin gaskiya ne, amma al'adar wani gida ce. A nasa gidan, talabijin ɗin ba zai nuna masa firem na 61 ba ko da me ya saya. Inda na ga X3D yana da hujja mai ƙarfi a wajenmu shi ne wuta. Core i9-14900K an rubuta masa wat 253 idan ya buɗe wuta, 7800X3D kuwa yana buga gem da ƙasa da wat 100. Ga wanda ke kan inbata da batir, a ɗakin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, wannan lissafi ya fi na firem muhimmanci.

Saura wani abu da ke ɓata tsaftar hoton da na zana. Na ce kuskuren zato lokaci kawai yake ci. Haka masu ƙera furosesa suka yi imani fiye da shekara ashirin. Tun zamanin Pentium Pro na 1995, furosesa ba ya jira ya san reshen da manhaja za ta bi. Yakan yi hasashe daga abin da ta saba yi, ya ci gaba da aiki a kan hasashen. Idan ya gano ya kuskure, sai ya zubar da sakamakon ya dawo baya, kamar ba a yi ba. A Janairun 2018 masu bincike, ciki har da Jann Horn na Google da wata tawaga daga jami'ar Graz ta ƙasar Ostiriya, suka bayyana raunin da aka kira Meltdown da Spectre. An zubar da sakamakon, gaskiya ne, amma bayanin da aka jawo cikin ma'ajiya a lokacin kuskuren yana nan zaune. Maƙetaci zai iya horar da furosesa ya saba da wani reshe, ya yaudare shi ya leƙa inda ba a yarda ba, sannan ya auna wane adireshi ne ke amsawa da sauri. Wanda ya amsa da sauri shi ne aka taɓa, daga nan sai a tsinto sirrin ɗaya bayan ɗaya. Meltdown ya fi shafar Intel. Spectre kuwa bai bar AMD da ARM ba.

Wannan ya sa na sake kallon wani bambanci da ke cikin addini. Shari'ar da ta yarda ka yi salla da zato a kan alƙibla, ita ce a Suratul Hujurati ta yi kashedi da yawan zato a kan mutane. Duka biyun zato ne, duka biyun suna iya dacewa. Bambancin da nake gani shi ne na farko idan ya kuskure ana iya mayar da komai yadda yake, a sake sallar. Na biyu ba ya gogewa. Wanda ka taɓa zargi da sata, ko an tsinci kuɗin a aljihun wata rigarka, hannunka zai riga tunaninka kai wa aljihu ranar da ya sake shigowa, kuma shi ma zai gani. Kafin a ce aiki da zato ya halatta, ashe sai an fara tambaya ko kuskurensa yana barin sawu, da kuma wa zai iya karanta sawun. Injiniyoyi sun sa hasashen furosesa a kashi na farko, alhali wani yankinsa na kashi na biyu ne.

Ba a daina hasashen ba, don furosesan da ba ya hasashe babu mai sayensa. An dai toshe wuraren da aka gano, wasu ta manhaja, wasu a cikin silikon na sababbin zubi, ana kuma ci gaba da gano wasu. Toshewar ta ci sauri, musamman a tsofaffin injuna, har ya zama a Linux akwai umarni guda da ke kashe kariyar gaba ɗaya, a Windows ma akwai hanyar yin haka, kuma wasu masu gem suna kashewa don su dawo da 'yan firem. Idan aka kawo mini inji aka ce in kashe, nakan tambaya ko ana buɗe burauza ko shafin banki a kansa. Kusan kullum ana buɗewa, sai in bar ta a kunne. A kan sababbin furosesoshi ma abin da za a samu bai taka kara ya karya ba.